Shin ciwon tsokar zuciya gado ne? Amsa ga wani malami a Tudun Wadar Zariya

Wani malamin makaranta daga Tudun Wadar Zariya ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ƙanensa mai shekara 22 ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar buga ƙwallo da yamma, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekarun baya baffansu, ƙanen mahaifinsu, ya kwanta lafiya lau aka wayi gari babu shi, bai cika shekara 40 ba. Bayan rasuwar ƙanen, shi mai tambayar ya je aka yi masa hoton zuciya, aka ce bangon zuciyarsa ya yi kauri har milimita 18, alhali bai taɓa fama da hawan jini ba. Matarsa 'yar wannan baffan ce, suna da 'ya'ya uku, mahaifinsa kuma yana nan da ƙarfinsa ya haura 60. Ya ambaci yayarsa wadda ta kumbura bayan haihuwa. Yana son ya san ko abin gado ne, ko auren zumunci ne ya jawo, da kuma abin da zai yi wa yaran.

Malam, Allah ya jiƙan ƙanenka da baffanka, ya ba ku haƙurin rashi. Ban duba ka ba, ban ga hoton da idona ba, saboda haka likitan da ke riƙe da katinka ne zai yanke hukunci. Amma duk wanda ya daɗe yana duba masu ciwon zuciya, da ya ji mutuwar fuju'a biyu a gida ɗaya ga kuma bango mai kaurin milimita 18 ba tare da hawan jini ba, zuciyarsa za ta tafi wuri ɗaya, wato ciwon kaurin tsokar zuciya, kuma wannan ciwo akasari gado ne. Ka'idar da muke bi ita ce, bangon ɗakin hagu na zuciyar baligi bai cika wuce milimita 11 ba. Idan ya kai 15 babu wani dalili da ya bayyana, ana kama sunan ciwon, idan kuwa akwai mai shi a cikin dangi, 13 ma ya isa.

Ga yadda abin yake daga tushe. Jikin mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, an jera su a kan wasu zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, rabi daga uwa rabi daga uba, don haka kusan kowace ƙwayar gado kwafi biyu muke da ita. Kowace ɗaya umarni ce na yadda jiki zai ƙera wani furotin. A cikin tsokar zuciya akwai wasu zaruruwa masu ƙanƙanta da ido ba ya gani, ɗaya ana kiransa mayosin ɗayan aktin, mayosin yana kama aktin ya ja, ya saki, ya sake kamawa, kamar hannayen masu jan guga a bakin rijiya. Wannan ja da sakin ne bugun zuciya, kuma yana faruwa kimanin sau 100,000 a kowace rana. To idan aka sami kuskuren harafi ɗaya tak a umarnin ƙera mayosin ko furotin da ke yi masa linzami, sai hannayen da ke jan igiyar su yi yawa, su riƙa ja da ƙarfin da ya wuce kima, su kuma kasa saki da wuri. Tsokar da ke aiki haka shekara da shekaru sai ta yi kauri. Ka ɗauka ɗakin ƙasa ne ake ta ƙara masa yaɓe ta ciki: daga waje girmansa na nan, amma cikin ya tsuke, bangon kuma ya sandare. Jinin da zuciyar za ta karɓa ya ragu, kuma a wajen mutane da yawa katangar da ta raba ɗakin hagu da na dama, idan ta kumburo, takan tare hanyar fitar jinin, musamman lokacin gudu ko ɗaukar kaya.

Abin da ke kashe matashi a fili ba toshewar ce kaɗai ba. Idan aka duba irin wannan tsoka a ƙarƙashin madubin likita, zaruruwan da ya kamata su jeru bi da bi kamar zaren saƙa, sai a gan su a cukurkuɗe, da tabo a tsakaninsu. Wutar da ke bi ta cikin zuciya tana sa ta bugawa takan rikice a irin wannan wuri, ɗakunan zuciya na ƙasa su kama rawa maimakon bugu, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙu mutum ya faɗi. Masu bin ƙwallo za su tuna Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yuni 2003 suna wasa da Kolombiya. Binciken gawarsa ya nuna wannan ciwon ne. Tun 1958 wani likitan binciken gawa a Landan, Donald Teare, ya bayyana shi a jikin matasa da suka mutu babu zato, amma sai a 1990 ne Christine da Jonathan Seidman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsu suka gano ƙwayar gado ta farko da ke haddasa shi, a cikin wani babban dangi na Kanada. Sunanta MYH7, ita ce ke ƙera mayosin. Bayan ta aka gano MYBPC3, mai ƙera furotin ɗin da ke yi wa mayosin linzami, kuma waɗannan biyun ne ke da mafi yawan laifi a duk inda gwaji ya gano sanadi. Ciwon ba baƙo ba ne a cikin mutane, an ƙiyasta mutum 1 cikin 500 yana da shi, yawancinsu ba su sani ba.

Yanzu ga batun yaranka, kuma a nan nake so ka natsu, domin mutanenmu suna auna kowane ciwon gado da ma'aunin sikila, ma'aunin kuwa bai dace da wannan ba. A sikila sai yaro ya karɓi gurɓatacciyar ƙwaya daga uwa da uba gaba ɗaya sannan ya zama SS, mai AS kuwa lafiyarsa ƙalau. A ciwon kaurin tsokar zuciya kwafi ɗaya ya isa. Duk ɗan da mai ciwon ya haifa, namiji ko mace, yana tsakanin biyu ne daidai wa daida, ko ya ɗauka ko ya tsira, wato kashi 50 cikin 100. Lissafin kuma sabo ne a kowace haihuwa, ba a cewa tunda na fari ya ɗauka na biyu ya kuɓuta. Mutum zai iya haifar huɗu duk su tsira, wani ya haifi huɗu duk su ɗauka. Wanda bai ɗauka ba, shi da zuriyarsa sun fita daga lissafin.

Daga nan za ka ga cewa auren zumunci ba shi ne ya ƙirƙiro ciwon a gidanku ba. Da bare ka aura daga wata ƙasa, rabon yaranka daga wajenka yana nan 50 cikin 100. Ƙanenka ma ba don iyayenku 'yan'uwa ne ko ba 'yan'uwa ba ya samu. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, a naka auren akwai abin lura na musamman, domin matarka 'yar marigayin ce. Idan wannan ciwon ne ya ɗauke baffanka, to ita ma tana cikin rabin nan, kuma ba don yara kaɗai nake faɗa ba, don ranta nake faɗa, tunda ita ce ke ɗaukar ciki, ciki kuwa yana ƙara wa zuciya aiki ƙwarai. Idan ta tabbata ku biyu kuna ɗauke da ƙwayar, lissafin kowace haihuwa ya koma haka: 1 cikin 4 ya tsira sarai, 2 cikin 4 su ɗauki kwafi ɗaya kamar ku, 1 cikin 4 ya ɗauki biyu. Mai kwafi biyu ciwonsa yakan fito da wuri, wani lokaci tun yana jariri, kuma yakan yi tsanani. Ban kawo wannan don a tayar da hankalin gida ko a fara nuna wa juna yatsa ba. Babu wanda ya zaɓi abin da ya gada, kuma na sha ganin an ɗora wa mace laifin ciwon da daga ɓangaren mijin ya fito. Na kawo shi ne don a duba ta da wuri, kafin wani cikin idan da hali.

Za ka ce, to mahaifina fa, ga shi ya haura 60 yana zuwa gona? Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa iyalai. Ɗaukar ƙwayar daban, fitowar ciwon daban. Wani yana ɗauke da ita har ya tsufa bangon bai yi kaurin a zo a gani ba, wani ya fito masa yana shekara 14, kuma uwa ɗaya uba ɗaya. Masu kuskure a MYBPC3 musamman, sau da yawa nasu yakan jinkirta har tsakiyar rayuwa. Idan kai da ƙanenka da baffanku duk abu ɗaya ne, to ta kan mahaifinka ya biyo, ko da bai taɓa yin haki ba. Shi ya sa ake ganin kamar ciwon ya tsallake wani ya faɗa kan jika, alhali bai tsallake ba, shiru ya yi. A irin wannan shirun ne ake fara zargin sammu ko maita, a ɓata zumunci da maƙwabtaka a kan abin da yake rubuce a cikin jini tun kakanni.

Maganar yayarka tana buƙatar a tsaya a kanta, domin garinmu yana da tarihi a wannan fanni. A 1978 Davidson da Parry, likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello, suka wallafa bayanin mata 224 da suka zo asibiti a Zariya da gazawar zuciya a kusa da haihuwa, aka ƙiyasta abin yana samun kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, adadin da ya girgiza likitocin duniya. A lokacin an danganta shi da al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, aka wallafa a 2020, ya tabbatar arewa maso yamma ce kan gaba a yawan ciwon, amma ya fi danganta shi da ƙuncin rayuwa, ramar jiki da hawan jinin masu ciki, shi Karaye kuma tun kafin nan ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Ta ɓangaren gado kuwa, wani bincike na 2016 a kan mata 172 masu wannan ciwo a ƙasashen waje ya sami kashi 15 cikin 100 nasu da gurɓatacciyar ƙwayar gado, akasari a wadda ake kira TTN. A nawa ganin, dalilan nan ba kishiyoyin juna ba ne. Mace na iya zuwa duniya da zuciya mai ɗan rauni wanda bai taɓa damunta ba, sai ciki da rashin abinci mai gina jiki da hawan jini da kanwa su taru a kanta, raunin ya fito fili.

Ita TTN ɗin ce ke ƙera taitin, furotin mafi girma a jikin ɗan Adam, wanda yake kamar roba a cikin zaren tsoka, yana miƙewa yana dawowa. Idan aka ƙera shi guntu, zuciya ba ta yin kauri, buɗewa take yi ta saki kamar robar da ta gaji. Wannan shi ne nau'i na biyu na ciwon tsokar zuciya, wato ciwon faɗaɗar zuciya. Zuciya mai lafiya tana fitar da sama da rabin jinin da ke cikin ɗakin hagu a kowane bugu, wadda ta saki kuwa takan koma kashi 20 ko 30 cikin 100, daga nan sai haki, kumburin ƙafa, da kasa kwanciya sai an tara matasai. A 2012 aka gano guntun taitin shi ne sanadin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na faɗaɗar zuciya da ke bin dangi. Akwai kuma ƙwayar gadon da ake kira LMNA, wadda nake jin tsoronta fiye da sauran, domin takan lalata wayoyin wutar zuciya tun tsokar ba ta nuna gajiya sosai ba. To ciwon yayarka zai iya zama wannan nau'in, ba shi da haɗi da naka, zai kuma iya zama irin naka ne ciki ya tono shi. Hoton zuciya ne zai raba gardama, kuma idan zuciyarta ba ta koma daidai ba, sake ɗaukar ciki hatsari ne babba da ya wajaba ita da mijinta su ji daga bakin likita.

Sauran nau'o'in zan wuce su da sauri tunda ba su shafe ka kai tsaye ba. Akwai wanda furotin da ke manne ƙwayoyin tsoka da juna ke lalacewa, kitse da tabo su maye gurbin nama, motsa jiki mai tsanani kuma ya ƙara masa gudu. Akwai wanda ke bi ta uwa ya fi kama 'ya'ya maza, kamar ciwon Duchenne da ke raunana ƙafafun yaro sannan ya taɓa zuciya. Akwai kuma wani da ya kamata mu 'yan Afirka ta Yamma mu sani, kuskure ne a ƙwayar TTR wanda asalinsa daga yankinmu yake, ana samunsa a jikin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka, yana sa wani furotin ya taru a zuciya ta sandare bayan shekara 60. Kuma kada mai karatu ya ɗauka duk zuciyar da ta kumbura gado ce. A asibitocinmu hawan jinin da ba a kula da shi ba ne kan gaba nesa ba kusa ba, sai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, sai giya da wasu magungunan ciwon daji.

Ka tambayi abin yi. Mutane da yawa suna jin kalmar gado sai su fara neman kuɗin gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, ni kuwa ba daga nan nake farawa ba. Gwajin yana da amfani, amma galibi sai an aika samfurin ƙasar waje da tsada, kuma ko a dangin da ciwon ya bayyana ƙarara, ba ya gano sanadi sai a kamar rabi ko sama da haka kaɗan. Idan bai ga komai ba, hakan bai wanke kowa ba. Akwai kuma matsalar da ta shafe mu: ma'ajiyar bayanan da ake kwatanta sakamako da ita, yawancinta daga Turawa aka tara. A 2016 an wallafa yadda aka gaya wa wasu baƙaƙen fata a Amurka cewa suna ɗauke da ƙwayar wannan ciwo, daga baya ta bayyana bambancin da aka gani abu ne gama gari a jinin 'yan Afirka, ba ya cutarwa. Idan Allah ya hore, kai za a fara yi wa gwajin tunda kai ne ciwon ya bayyana a jikinka. In an sami tabbataccen kuskure, sai a nemi shi kaɗai a jikin sauran, wanda ba shi da shi a sallame shi daga zirga-zirgar asibiti.

Abin da nake farawa da shi biro ne da takarda. Nakan juya bayan kati in zana dangi hawa uku, kakanni, iyaye da 'yan'uwansu, sannan 'ya'ya, in tambayi kowane mamaci shekarunsa da yadda ya rasu. Maza ba su cika sanin wannan ba. Wata rana sai da wata gwaggo da ta rako mara lafiya ta gyara lulluɓi ta ce, ai akwai wanda ya nutse a rafi alhali gwanin iyo ne, akwai kuma wanda aka ce farfaɗiya ce ta kayar da shi daga kan keke, sannan zanen ya fito mini sarai. Ka zauna da tsofaffin matan gidanku kafin ka zo, ka tambayi wanda ya mutu a barci, a gona, a ruwa, ko jaririn da ya koma babu zazzaɓi.

Bayan haka, duk wanda ke kusa da kai a jini, wato mahaifinka, 'yan'uwanka na ciki ɗaya da na uba, 'ya'yanka, da matarka da 'yan'uwanta saboda mahaifinsu, a yi masa gwaji biyu: na wutar zuciya da ake kira ECG, da hoton zuciya da ake kira eko. Babu allura babu yanka, mutum zai kwanta ta gefen hagu, a shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji, a ɗora na'ura, cikin rabin awa an gama. Ana yin su a sashen zuciya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Hoto ɗaya mai kyau ba ya rufe magana, musamman ga yara, domin kaurin ya fi fitowa lokacin balaga da jiki ke saurin girma. Yara da matasa a maimaita musu duk shekara 1 zuwa 2, manya duk shekara 3 zuwa 5, wanda kuwa ya fara suma, jiri, ciwon ƙirji ko faɗuwar gaba lokacin wasa, a kawo shi ba tare da jiran lokacin ba.

Kai kanka, ka sani yawancin masu wannan ciwo suna rayuwa har tsufa, kuma mutuwar fuju'a a cikinsu ba ta kai 1 cikin 100 a shekara ba. Amma tarihin gidanku ya sa dole a auna naka hatsarin da kyau. Za a so a ɗaura maka ƙaramar na'urar da ke naɗar bugun zuciya na kwana ɗaya ko biyu, a tambaye ka ko ka taɓa suma, a duba ko hanyar fitar jini ta toshe. Wanda hatsarinsa ya yi yawa, akwai na'urar da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke dawo da bugu idan ya rikice. Magunguna irin su bisoprolol suna rage gudun zuciya su ba ta sararin cika, kuma a 2022 an amince a Amurka da mavacamten, wanda ke rage yawan hannayen mayosin da na ambata a sama. Kafin a gama aunawa, ka ajiye ƙwallo da ɗaukar kaya masu nauyi, tafiya a ƙafa kuwa ka ci gaba da ita. Ka kiyayi ƙishirwa a zafin Maris da Afrilu, domin tsukakkiyar zuciya ba ta jure ƙarancin ruwa a jiki, batun azumi ma ka tattauna shi da likitanka tun watan bai kama ba. Kada ka sayi maganin fitsari irin Lasix a kemis da kanka, kuma ka nisanci maganin ƙarfin maza na asibiti da na gargajiya, domin yana buɗe jijiyoyi jini ya faɗi, toshewar ta ƙaru.

Ranar da za ka zo, ka taho da takardar hoton da aka yi maka, da duk maganin da kake sha a cikin kwalinsa, da zanen dangin nan ko da a bayan littafin darasi ka yi shi. Idan ba za a iya kawo kowa lokaci ɗaya ba saboda kuɗi, a fara da matarka da yayarka, sannan babban cikin yaran, da duk wani ƙane ko ɗan baffa da har yanzu yake fita fili da yamma.